Aikin itatuwan ƙaya: bagaruwa, dushe da gawo ƙarƙashin mikroskof

9 Nuwamba 2024, Marwa, arewacin Kamaru

Bismillah. Yau Malam ya sa hannu a kan batun memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, dan haka zan riƙa rubuta yanda aikin ke tafiya kaɗan kaɗan. Tambayar a takaice itace: itatuwan ƙayan nan namu, bagaruwa da dushe da gawo, yaya cikinsu yake in an duba da mikroskof, yaya yake canzawa daga wannan bishiya zuwa waccan, kuma shin zarensu zai yi ƙullun takarda ko ba zai yi ba.

Ni ɗan majema ne, na tashi ina ganin Baba yana daka bagaruwa a turmi yana zubawa a ruwan jima, har yau tafin hannunsa launin bagaruwa ne. Da na faɗa masa abinda zanyi shiru yayi sannan yace "to kai yanzu bishiyar za'a sare a yi takarda, mu kuma da me zamu jeme fata?" Nace Baba bincike ne kawai, ba sara ba. Amma maganar ta zauna min a rai wlh.

Abu na farko da Malam ya ja min kunne akai shine suna. A littattafai duk ana ce musu akasiya, to amma tun taron masana tsirrai na Melbon a 2011 aka tabbatar da barin sunan Acacia ga na Ostireliya, namu na Afirka aka raba su: bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dushe Vachellia seyal, dakwara Senegalia senegal, gawo kuwa dama tuni yana da gidansa daban, Faidherbia albida. Yace in ka karanta wai "akasiya tana yin takarda mai kyau" ka fara tambaya wacce akasiyar.

23 Nuwamba

Samfuri. Ba'a sara haka kawai sai da takardar ma'aikatan gandun daji, kuma ni kaina bana son in kada bishiya mai rai saboda faifai ɗaya, dan haka muka bi masu itace da masassaƙa, inda aka riga aka kada ko iska ta kayar mu roƙi a yanka mana faifai mai kaurin yatsa huɗu a daidai ƙirji, wato mita 1.3 daga ƙasa, da wani a sama kusa da rassa. Wuri uku muka zaɓa: bakin mayo, wato kogi, inda yashi ne kuma ruwa na kusa, karal ɗin wajen Salak, ƙasar laka inda ake dasa masakwa, sai harde, ƙasar nan mai tauri kamar daɓe da ruwa baya shiga.

Wanda ya fi taimakona wani dattijo ne masassaƙi abokin Baba, Kawu nake ce masa. Ya ɗauki faifan bagaruwa ya ƙwanƙwasa da bayan gizago, ya ɗauki na gawo shima ya ƙwanƙwasa, yace "ɗana ji da kunnenka, wannan ƙara take kamar ƙarfe, wannan kuwa amo yake kamar ganga." Yace bagaruwa ta ƙota ce da taɓarya, gawo na turmi da kwami, dushe kuwa wuta kawai, dan in ka ajiye ta wata biyu zaka tarar da gari a ƙasa ƙwari sun huda ta ko'ina. Na rubuta duka a littafi dan ina so in ga ko mikroskof zai gaskata shi.

Mun gwada abin hudar nan mai ciro ɗan siririn itace kamar fensir daga bishiya mai rai. A gawo ya shiga lafiya, a bagaruwa da ya kai jan ciki, wato jan itacen tsakiya mai tauri, sai ya cije, da ƙyar muka warware shi baya. Malam yace a bari kar ya karye, guda ɗaya ne garemu.

14 Disamba

Nauyi. Kowane faifai na tsaga shi daga cibiya zuwa ɓawo na fidda ƴan guntaye uku, na kusa da cibiya, na tsakiya, na kusa da ɓawo. A jiƙa su su ƙoshi da ruwa, a nutsa a kofi akan sikeli a ga yawan ruwan da suka ture, sannan a sa a tanda a digiri 103 har nauyinsu ya daina raguwa, a raba busasshen nauyi da girman. Aikin ba wuya sai dai haƙuri.

Bagaruwa ce kan gaba da nisa, dushe na binta, gawo ne mafi sauƙi. Masana'antun takarda sun fi son itace mai kilo 400 zuwa 600 a kowace mita kubik, bagaruwar tamu duk ta haure haka. Itace in yayi nauyi da yawa ruwan dahuwa baya ratsa shi da wuri, wuƙaƙen injin ma suna saurin dakushewa.

11 Janairu 2025

Yau ne na fara ganin zaren da idona, kuma bazan manta ba.

Hanyar da ake bi ana ce mata hanyar Franklin: a fere itacen sirara kamar tsinken ashana, a zuba a kwalba da asid asetik da ruwan oksijene, wato haidrojin feroksaid, rabi da rabi, a ajiye a digiri 60 kwana ɗaya ko biyu. Ruwan yana narkar da lignin, wato danƙon da ya manne zaruruwan da juna, sai tsinken yayi fari fat kamar auduga. Karon farko da oksijenen famasi nayi, na wanke ciwo, ashe ƙarfinsa kaɗan ne, kwana huɗu tsinken bagaruwa na nan da taurinsa, sai da aka samo mana mai ƙarfi na labo sannan abu ya yiwu. Warin asid ɗin kuwa har cikin hanci, dole a buɗe taga duk da sanyin hunturu da ƙura.

Bayan an wanke da ruwa sau da yawa sai ka girgiza kwalbar, kana kallo tsinken zai watse ya zama kamar kunun kanwa mai ruwa ruwa. Na ɗiga safranin, jan rini ne, na ɗauki ɗigo ɗaya na sa a gilashi na rufe na leƙa. Subhanallah. Zaruruwa ne birjik kamar an watsa allurai a tabarma, kowanne tsini biyu, da ɗan rami siriri a tsakiyarsa. Tsakaninsu ga wasu gajeru masu faɗi kamar an yanka gora gaɓa gaɓa, sune bututun da ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, jikinsu duk ƴan ƙofofi. Ga kuma wasu ƙanana masu kusurwa huɗu kamar tubali, sune rumbunan da bishiya ke ajiye abinci. A cikin wasu tubalan har da ƴan duwatsu masu sheƙi a jere kamar carbi, Malam yace kalsiyom oksalat ne, kuma a itatuwan ƙayan Afirka jerin nan yakan fito a iyakar girman shekara, wato zoben itacen da bishiya ke ƙarawa duk shekara, har wasu masana suna ƙirga shekarun bishiya dashi. Na daɗe a zaune ina juya ɗan maɓallin, har mai gadi yazo yace zai rufe.

Wannan fa itacen da muke hura wuta dashi kullum ne, wanda Inna ke cewa a miƙo mata guda biyu ta ƙara a murhu.

2 Fabrairu

Sati uku kenan ina awo. Ina ɗora wayata a bakin mikroskof in ɗauki hoto, in kai kwamfuta in auna da manhajar ImageJ, zare 50 a kowane guntu, kowanne tsawonsa da faɗinsa da faɗin raminsa da kaurin bangonsa. Ido na yaji da dare amma lissafin ya fara magana.

Tsawo dai dukkansu suna wajen milimita ɗaya, wanda haka yawancin itatuwa masu faɗin ganye suke, har da itacen turare da ake ta yin takarda dashi a duniya. Itacen fain na ƙasashen sanyi shine mai milimita 3 ko fiye. To tsawo ba shine matsalar ba. Matsalar bango ce. Akwai lissafin Runkel: ka ninka kaurin bango sau biyu ka raba da faɗin rami. Misali bango mikron 3 rami mikron 12 (mikron dubu ne milimita ɗaya), ya baka 0.5. Bango mikron 5 rami mikron 5, ya baka 2. Ƙasa da 1 ake so. Dalili kuwa zare mai siririn bango in an matse shi yana lotsewa ya kwanta kamar tsiron albasa da aka taka, sai ya manne da ɗan uwansa sosai takarda tayi ƙarfi da santsi. Mai kaurin bango kuwa yana nan a zagaye kamar kara, sai su hau kan juna ba tare da sun rungumi juna ba, takardar tayi kauri da kaushi, ta sha tawada, ta yage in an ja ta.

Bagaruwa mafi yawan zarenta bango ne, ramin kamar an ja layi da allura. Ƙarar ƙarfen da Kawu ya jiyar dani kenan.

Amma ga abinda ya tsaya min. A faifai ɗaya tak, guntun kusa da cibiya zarensa gajere ne bangonsa bai kai ba, kana matsowa wajen ɓawo yana ƙara tsawo yana ƙara kauri. Itacen ƙuruciya daban na girma daban, a jiki ɗaya. Da ace guntu ɗaya na ɗauka daga cibiya da na rubuta cewa bagaruwa ba laifi, da kuma na ɗauka daga baya kawai da na rubuta bata da amfani sam. Faifan sama kusa da rassa shima ya fi kama da na cibiya. Shiyasa yanzu in naga an rubuta lamba ɗaya an ce "tsawon zaren bagaruwa kaza ne" sai in tambayi kaina, daga ina a jikinta, kuma a wace ƙasa ta tsiro.

20 Fabrairu

Yankan gicciye. An dafa guntaye a ruwa da giliserin dan su yi laushi, ana yanka su mikron 20 da injin yanka. Gawo ya yanku kamar sabulu. Bagaruwa ta cinye min reza ba adadi.

Gawo a gicciye abin kallo ne, ratsi ratsi kamar saƙar zane, layin zare sai layin rumbunan abinci mai faɗi, haka haka har ƙarshe. Shiyasa bashi da nauyi, shiyasa kuma ƙwari ke sonsa tunda abinci ne cike a ciki. Ga mai takarda kuwa rumbunan nan asara ne, ba zare bane, a wajen dahuwa suna cin magani sannan su bi ruwa su tafi ko su toshe rariya. Kenan gawo ya tsira ta wajen nauyi ya faɗi ta wajen yawan zare.

15 Maris, cikin azumi

Aiki da safe kawai, kafin rana ta take.

Na gama jera sakamakon wurare ukun. Na bakin mayo bututunsu sun fi faɗi, girman shekara ma ya fi faɗi. Na harde bututun ƙanana ne masu yawa a cunkushe, itacen ya fi tauri, jan ciki ya cinye kusan duk faifan. Kuma akwai hikima a ciki, bututu mai faɗi yana jan ruwa da yawa amma in fari yazo iska na saurin shiga ta yanke ruwan, ƙanana masu yawa kuwa in wasu sun toshe wasu na aiki. Bishiyar da zata yi wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa dole ta gina kanta haka. A wasu awon ma bambancin bagaruwar mayo da bagaruwar harde ya kusa kai bambancin bagaruwa da dushe.

Sai wata dushe da ta tsiro a karkace a gaɓar mayo. Cibiyarta ba a tsakiya take ba, gefen sama ya fi faɗi, kuma wajen da zarto ya bi yayi gashi gashi. Da muka sa rini biyu, ja da shuɗi, zaren gefen saman cikinsu ya kama shuɗi, wani bango ne na daban mai kama da danƙo, kusan zallar selulos, wato ainihin sinadarin zare, ba lignin, bishiya ke yinsa dan ta janyo kanta ta miƙe. Na kai wa Kawu hoton a waya, ya duba yace "ai wannan mun sanshi, itacen da ya kwanta ba'a ƙota dashi, in ya bushe murɗewa yake." Nace Kawu ashe kun riga mu. Yayi dariya yace "ku dai kuna da madubi."

Dushen nan dai itace Larabawan Cadi ke ce wa talha, ƙaronta ne mai rugurgujewa, na dakwara kuma kitir mai tauri da tsada, Cadi na cikin manyan masu fitar dasu bayan Sudan. Matan can da na Sudan da itacen talha suke turara jiki.

12 Afrilu

Zafi ya haura 40, kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa kusan kullum da rana, tanda ta mutu min sau biyu a tsakiyar busarwa dole na sake daga farko. Sai na koma karatu a inuwa.

Akasiyar da ake yin takarda da ita a duniya Acacia mangium ce da ƴan uwanta irin su auriculiformis da crassicarpa, asalinsu arewacin Ostireliya da Niyu Gini da gabashin Indonesiya. A Sumatra da Biyetnam an shuka su gona gona, ana sarewa cikin shekara 5 zuwa 8, bishiya miƙaƙƙiya ba ƙaya, nauyinta daidai abinda injin ke so, bangon zarenta siriri. Amma a Sumatra ruwan sama ya haura milimita 2000 a shekara, mu nan Marwa wajen 800 ne kuma cikin wata huɗu yake zuba ya wuce. Su ɗin ma basu tsira ba, ruɓar saiwa ta Ganoderma da ciwon bushewa na Ceratocystis sun kashe gonakin mangium da yawa a Sumatra har kamfanoni suka koma shuka turare. A Afirka ta Kudu kuma Acacia mearnsii ce, ɓawonta na jima itacenta na takarda, ita ma daga Ostireliya aka kawo ta. Wannan ta burge ni, dan naga ashe akwai inda jima da takarda suke cin bishiya ɗaya ba faɗa. Sai dai su sai an kada ake ɓare ɓawon, mu kuwa ƴaƴan bagaruwa muke tsinka duk shekara bishiya na tsaye.

Kamaru ma ta taɓa gwadawa, Cellucam a Edeya, babbar masana'antar ƙullun takarda da aka buɗe farkon shekarun 1980 tana dafa itatuwan kurmi iri iri a haɗe, bata yi ƴan shekaru ba ta tsaya. Can kenan inda ga kogin Sanaga ga daji ga tashar jirgin ruwan Duwala kusa.

10 Mayu

Na kasa haƙuri sai da na dafa. Masana'anta da soda da sodiyom salfaid take dafawa a tukunyar matsi, digiri 160 zuwa 170, mu bamu da wannan, dan haka sodar masu sabulu na sayo a kasuwa, safar hannu da tabarau, tsohuwar tukunyar ƙarfe a bayan labo, aka fere itacen sirara sosai aka dafa awa da awanni.

Ruwan bagaruwa nan take ya koma baƙi ƙirin kamar ruwan jimar Baba, musamman na jan ciki, tanin, wato sinadarin da ke jeme fata, da sauran abubuwan da bishiya ta tara su suka fara shanye sodar kafin ta kai ga lignin. Farin baya ya fi saurin laushi. Dushe ta fi bada haɗin kai, ƙullunta ma ya fi haske. Na wanke, na daka a turmi, na kaɗa a baho, na tsoma rariyar da nayi da gidan sauro da katako, na kife akan tsumma na danne da bulo.

Washegari na ɓare. Takarda ce dai, launin ƙasa, girman tafin hannu biyu. Ta dushe ta lanƙwasu ba ta karye ba. Ta bagaruwa kauri da kaushi, ka ja kaɗan ta rabu, kuma in ka shafa wasu ƴan ɓarɓashi na tashi, bututun ruwan nan ne masu faɗi da basu manne ba, irin abinda masu buga littafi ke ƙi dan yana bin tawada ya bar farin ɗigo. Abinda Runkel ya faɗa a lissafi gashi a hannuna.

Na kai gida. Baba ya juya ta ya shinshina, ya aiki ƙanina ya ɗauko tawadar allo, wadda ake haɗawa da ƙaro, ya fiƙe alƙalami ya rubuta bismillah akan ta dushen. Tawadar ta ɗan bazu amma ana karantawa. Yace kakanninmu tawada tasu ce alƙalami nasu ne, takarda kawai suke saye wajen fatake. Haka ne kuwa, tsofaffin littattafan ƙasashen nan da yawa akan takardar Italiya mai alamar wata uku aka rubuta su, ta hamada take zuwa. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, bai maido min ba.

1 Yuni

Hadari ya fara haɗuwa, gawo ya fara zubda ganye kamar yanda ya saba in kowa na tohowa.

Na kai wa Malam babi na uku. Abinda na rubuta: bagaruwa bata dace da ƙullun takarda ita kaɗai ba saboda nauyi da kaurin bango da tanin, gawo zarensa kaɗan ne, dushe ce ta fi kusa musamman ƙananan rassa da itacen ƙuruciya, kuma duk hukuncin da za'a yanke dole a faɗi wurin da bishiya ta tsiro da inda aka ɗebi samfurin a jikinta. Na ƙara shafi biyu akan abinda bishiyun ke bayarwa a tsaye, bagaruwar jima, ƙaro, ƴaƴan gawo da dabbobi ke ci da rani da takin da yake zubawa a gonar dawa. Nayi zaton zai ce ba fannina bane in cire, sai yace in barshi amma in kawo hujja.

Ya kuma bani ƙarin aiki. Zaren ɓawon rama ya ninka na dushe tsawo, ga karan auduga da karan masakwa da ake bari a gona ko a ƙone. Yace in gwada haɗa dushe da rama kashi kashi in ga ko dogon zaren zai riƙe gajeren. Inna tace zata bar min layi biyu na rama a bayan gida, amma sai ta gama cin ganyenta tukun. Kafin nan akwai guntaye 18 na dushen karal da ban auna ba, kuma safranin ya kusa ƙarewa, gobe zan tambaya ko wani mai zuwa Ngaundere zai taho mana dashi.